Sifili A Agogon Injin

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna tambayar yadda mace mai shekara ashirin da takwas za ta tsaya wasa da mijin aure, yau sai ku gyara zama. Ba wasa na yi ba, kuma ban zo neman a tausaya min ba. Zan faɗa muku abin da ya faru daga Talata zuwa Alhamis, har da wurin da ni ma na yi abin kunya, sai kowa ya yanke hukuncin da ya ga dama.

Aikina sayar da injinan saƙa. Kamfanin da nake yi wa aiki yana shigo da injinan saƙa safa da rigunan sanyi, a bayan ofis kuma muna da maƙera inda ake ƙera giya, wato ƙarafan injin masu haƙora, da sauran ƙananan ƙarafan da suke saurin cinyewa. Shekarata shida a nan. Ni nake zuwa wurin mai masaƙa in ji abin da yake so ya saƙa, in zaɓa masa injin, in tsaya a kai har a kafa. Ƙa'idarmu kuma ba a miƙa injin ga mai shi sai na kunna shi da hannuna ya saƙa safa ɗaya ta gwaji, na juya ta ciki da waje na ga babu inda zare ya zame, sannan in sa hannu a takardar shaida. Da wannan sa hannun nake cin abinci. Har waɗanda ba a wurinmu suka sayi kaya ba sukan roƙi manajanmu ya ara musu Injiniya, wato ni, in duba musu kafin su biya.

A wurin Baba na gaji abin. Shekara talatin ya yi yana gyaran injin a masaƙa, har ƙara ta cinye masa kunne, sai ka ɗaga murya yake ji. Ni ce auta, kuma ni kaɗai ce cikin 'ya'yansa na taɓa buɗe akwatin sifanunsa ba don neman abin ɓare gwangwani ba. Mama kuwa har gobe idan ƙawayenta suka tambayi aikina, cewa take a ofis nake, ta yi maza ta sako wata maganar.

Shi kuma mijin auren da kuke magana, a wurin baje kolin kayan masana'antu muka haɗu, wata takwas da suka wuce. Dillalin injina ne, duk abin da ke da fulogi yana shigo da shi. Ranar ya zo cikin fararen kaya da ba su san ƙura ba, turarensa ya riga shi isowa rumfarmu, ni kuwa ina tsugune ina ɗaure bel. A wayata Ɗan Kwalisa na rubuta a matsayin sunansa, kuma da ya gani dariya ya yi ya ce kada in canja. Kada ku ce kuɗi ko farar mota suka ja ni. Abin da ya kama ni, shi ne namiji na farko da ya zo wurina bai tambayi yaushe zan bar aikin maza ba. Yakan kawo min abincin rana maƙera, ya shimfiɗa hankici a kan akwatin katako ya zauna yana kallona ina aiki, ya ce shi dai ya yi dace da mai ƙwaƙwalwa. Na so shi, kuma ba zan zauna yanzu in yi muku ƙaryar cewa dama can ina zarginsa ba.

An tsayar da Asabar manyansa za su zo wurin Baba a yi maganar aurenmu. Tun sati biyu kafin nan gidanmu bai huta ba. Mama ta sauke labulen falo ta rataye sababbi ruwan zuma, ta ciro farantan da take ɓoyewa a saman kwaba tun ina firamare, ta sa an wanke kafet har sau biyu. Ta ɗinka min doguwar riga ruwan kwaiduwa mai duwatsu a wuya, alhali ba ni za a zo gani ba. Kullum da safe sai ta kama hannuna ta duba ƙarƙashin farce, ta yi tsaki, ta miƙo min lemon tsami.

Saura in gabatar muku da Hajiyar Safa. Dattijuwa ce mai ƙaramar masaƙa a bayan kasuwa, mata goma sha huɗu suna ci a ƙarƙashinta. Ita ce ta fara sayen injin a hannuna lokacin da masu masaƙa suke leƙa bayana suna tambayar ina injiniyan yake. Bana ta samu aikin safar makarantu, mai yawan da tsofaffin injinanta ba za su iya ba, kuma dole ta kai kafin a koma hutu. Injinan kamfaninmu sai sun yi wata huɗu a hanya. Ana cikin haka Ɗan Kwalisa ya ce min yana da sababbi guda takwas a sito, ko ledarsu ba a cire ba. Da bakina na ba Hajiya lambarsa. Ta sayar da filin da mijinta ya bar mata, suka daidaita, amma ta kafa sharaɗi ɗaya: ba za ta biya ba sai 'yarta Injiniya ta duba ta sa hannu.

Ranar Talata da yamma ina gugar rigar aikina sai ga saƙonsa.

“Gimbiya, gobe ba sai kin wahalar da kanki ba. Zan aiko direba da takardar ofis, ki sa hannu kawai.”

Na rubuta masa cewa ban taɓa sa hannu a kan injin da ban kunna ba.

“Har nawa?”

“Har na Baba.”

Ya turo fuskar dariya guda uku, ya ce to ranki ya daɗe, sai kin zo. Na kwanta ina murmushi kamar wata sakarya.

Laraba da hantsi na isa siton. Dogon ɗaki ne mai rufin kwano, zafi kamar tanda, injinan takwas a jere kan katako, kowanne cikin leda. Gaskiya sun yi kyau. Fenti toka-toka yana sheƙi, ko ƙwarzane babu, har takardun gargaɗi na jikinsu sababbi ne. Shi yana tsaye can bakin ƙofa inda iska take, yana amsa waya yana ɗaga min gira. Na yage ledar na farko, na jona wuta, fitilar allon ta kama. Idona ya sauka kan agogon aiki, wanda yake ƙirga awowin da injin ya yi yana juyawa tun da aka ƙera shi.

Sifili ne, huɗu a jere.

Na san wasunku za su ce to ai sabo ne, me kike so ya nuna? Haka shi ma ya ɗauka, kuma nan ne asirinsa ya tonu. Babu masana'antar da take sakin injin saƙa ba ta gwada shi ba. Sai sun bar shi ya yi ta juyawa kwana ɗaya ko biyu suna sauraro kafin su naɗe. Duk sabon injin da na taɓa buɗewa yana zuwa da awa ashirin, talatin, wani har arba'in. Injin da ya nuna sifili, wani ne ya sa hannu ya mayar da agogonsa baya, kuma wanda ya ba da umarnin bai taɓa tsayawa a gaban injin ba sai dai ya sayar.

Na ce wa zuciyata ƙila an canja allon ne. Na kunna na biyu, sifili. Na uku, sifili. Na ɗauko sukudireba na kwance murfin ƙasa, na zura hannu ƙarƙashin silinda, wato ƙarfen nan zagayayye da allurai suke hawa da sauka a tsagoginsa. Na fito da curin burbushin zare ja, ya cakuɗe da tsohon giris ya daskare. Injin da bai taɓa saƙa komai ba, ina ya samu jan zare? Na kama allura ɗaya na girgiza, tana rawa a tsagarta kamar haƙorin tsohuwa. Aƙalla shekara goma waɗannan injinan suka yi suna bauta a wata ƙasa kafin a yi musu wanka.

Duk da haka na ɗaura zare na saƙa safar gwaji, don hannuna ya saba. Kuma ta fito lafiya lau. Haka gajiyayyen injin yake, da sanyinsa zai saƙa maka safa goma masu kyau. Sai ya yi awa uku ya ɗauki zafi, tsagogin su ƙara buɗewa, sannan ya fara zubar da zare yana karya allura. A hannun Hajiya, da aikin safe da yamma, ba za su kai wata biyu ba.

Ya taho yana taka ƙasa a hankali don kada takalminsa ya ɓaci, ya karɓi safar ya ɗaga ta a haske, ya ce ma sha Allah. Na buɗe tafin hannuna na nuna masa jan curin. Ya kalle shi, ya kalle ni, na ga ya sha jinin jikinsa. Sai ya kama gefen hannun rigata da yatsu biyu ya ja ni bayan wasu akwatuna.

Bai ma tsaya musu ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya ce an yi musu garambawul ne, kuma a wurinsa injin da aka gyara ya fi sabo aminci. Ya ce kowa a kasuwar nan haka yake yi, ni ce dai aikin albashi ya rufe min ido. Ya ce duk abin da ya mallaka yana cikin injinan nan, kuma gidan da yake gyara mana da cinikin nan zai ƙarasa shi.

“Safar ta fito ko ba ta fito ba?” ya tambaye ni.

“Ta fito.”

“To me ya rage?”

“Takardar cewa take sababbi ne.”

“Kalma ɗaya ce fa, Gimbiya. Saboda kalma ɗaya za ki kunyata ni, Asabar tana ƙofa?”

Muna cikin haka muka ji sallamar Hajiya. Ta shigo tana dogara lemarta, mayafinta ya jiƙe da gumi, ta bi injinan tana shafawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba jikoki. Ta juyo da fara'arta ta ce, “'Yata, ya kika gani?”

To ga abin kunyar da na ce zan faɗa muku. Curin yana cikin tafina, na dunƙule shi. Shi yana tsaye a bayanta yana kallona, ba harara ba, kallon nan mai taushi da yake min idan ya kawo abinci. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa ban gama dubawa ba, akwai awon da sai na koma ofis na ɗauko abin yinsa, ta ba ni zuwa gobe. Ta ce babu komai, ai gaggawa aikin shaiɗan ce, ta sa min albarka ta tafi. Ni da nake cika baki a maƙera cewa ko gaban wa zan faɗi gaskiyar injin, ranar na yi laƙwas. Na tsani kaina tun kafin in kai bakin titi.

Kafin in isa gida ya riga ni ta waya. Na tarar da Mama a kicin tana goge farantan nan karo na ban san nawa ba, ko sallamata ba ta amsa da kyau ba. Ta ce in ajiye jaka in zo. Abin da ya faɗa mata shi ne wai na je gaban leburorinsa ina neman ci masa mutunci kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, don kamfaninmu yana kishin cinikin. Na yi mata bayanin agogo, ta ce ita ba ta san wani agogo ba, abin da ta sani sa'o'ina duk suna da 'ya'ya bibbiyu. Na ce Hajiya filinta ta sayar. Ta ce Hajiya uwata ce? Ta wanke ni tas, tun daga ranar da na zaɓi karatun ƙarfe har zuwa manema uku da ta ce warin man injin ne ya kore su. Daga ƙarshe ta zauna kan kujerar tsugunno ta ce ta gaji da amsa tambayar mutane a gidan biki.

“Ki sa hannun nan, Auta. Idan kun yi aure kya gyara shi a hankali.”

“Mama, injin ake gyarawa a hankali.”

Ta ɗago ta kalle ni kallon da ban taɓa gani ba, ta ce in fita mata daga kicin. Na san na yi rashin kunya, kuma ya dame ni, don Mama ba muguwa ba ce. Tsoro take ji, tsoron kada in tsufa a ɗakin da aka haife ni.

Baba yana baranda kan tabarmarsa, rediyo manne da kunne. Ban iya yi masa bayani ba, don sai na yi ihun da duk maƙwabta za su ji. Na zauna kusa da shi na nuna masa hoton allon a wayata. Ya gyara tabarau ya matso da fuska, sai ya tuntsire da dariya har da tari, ya tambayi wane gwanin ne ya yi wannan aika-aika, ko awa goma bai iya bari ba don sutura. Na rubuta masa a wayar wanda ya yi. Dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana juya maɓallin rediyo ba tare da ya tsaya a wata tasha ba, sannan ya miƙo min wayar ya ce shi dai bai taɓa koya min duba injin da ido ɗaya ba. Bai tashi ya je ya tare min faɗan Mama ba. Baba ke nan, zai nuna maka inda ƙusa take, amma kai za ka cire abarka.

Saƙonnin Ɗan Kwalisa suka yi ta shigowa har na idar da sallar isha'i. Na farko lallashi, da hoton tayil ɗin da ya zaɓa wa kicin ɗinmu. Na biyu ya ce ya yi kewar murmushina. Na uku ya ce in tuna ni na haɗa shi da Hajiya, idan abu ya lalace ba shi kaɗai za a zarga ba. Na huɗu gajere ne: “Matar da ba za ta rufa wa mijinta asiri ba, me ake da ita?” Na karanta shi sau biyar. Na rubuta amsa mai tsawo na goge, na kife wayar.

Alhamis ban bi ta ofis ba. Na sa rigar aikina shuɗiya, na ɗaura ɗankwali, na ƙunshe jan curin a takarda, na nufi masaƙar Hajiya. Ƙarar tsofaffin injinanta ta tare ni tun daga lungu. Matan suna kan aiki, wasu suna ɗinke bakin safa, wasu suna haɗa su bibbiyu suna ɗaurewa dozin-dozin. Sai na lura an share rabin ɗakin fes, an ja layi da alli inda sababbin za su zauna, har an sa lamba ɗaya zuwa takwas. Hajiya tana ƙaramin ofishinta sanye da mayafin fita, jaka a kafaɗa. Tana ganina ta washe baki ta ce ga 'yar halak, yanzu take shirin zuwa banki, ta riga ta tura babbar mota sito.

Na ce wane banki, ai ban ba da takarda ba.

Ta yi dariya ta ce in daina tsokanar tsohuwa. Ta buɗe jaka ta ciro takarda a ninke, ta ce direban Ɗan Kwalisa ne ya kawo tun da sassafe, wai na koma da yamma na ƙarasa awon. Na karɓa. Takardar shaida ce, injina takwas, sababbi, an gwada an tabbatar. A ƙasa ga sa hannuna, da lanƙwasar da nake yi a ƙarshe da ɗigon da nake sawa a gefe. Sai da na kai ta bakin taga na gane ba biro ba ne, hoto ne aka buga. Kuma na tuna inda ya samo shi. Watan jiya ya aiko min da mayafi da turare, direban ya miƙo min takarda in sa hannu cewa saƙo ya iso, har ina yi masa tsiya wai soyayyar tasu ma da rasit.

Ban yi kuka ba, ku daina jira. Duk son da nake ta kokawa da shi tun jiya na neme shi na rasa. Kwana ɗaya na roƙa don in samu ƙarfin hali, shi kuma ya yi amfani da kwanan ya sace min hannu.

Na rufe ƙofar ofishin, na zaunar da Hajiya, na kwance ƙunshin a kan teburinta. Na faɗa mata komai, agogon, tsagogin, wata biyun da ba za su kai ba. Na faɗa mata cewa jiya ma na sani, tsoro ne ya hana ni magana. Ta saurara har na gama, tana murza curin da yatsa, don ita ma ta san tsohon giris in ta gan shi. Ba ta yi salati ba, ba ta zagi kowa ba. Ta tambaye ni ko ba shi ne wanda manyansa za su zo jibi ba. Na ce shi ne.

“Kin san abin da kika yi wa kanki kuwa?”

“Na sani, Hajiya.”

“Jiya kin ba ni haushi, yanzu da na ji. Yau kuma kin biya.” Ta sauke jakar daga kafaɗarta ta ajiye. “Kira min direban motar nan ya juyo.”

Matsalarta ba ta ƙare ba, don makarantu ba za su jira ta ba. Muka zauna na kira manajanmu, na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru tun kafin ya ji a bakin wani. Ya yi faɗa sosai kan yadda sunan kamfani ya kusa shiga takardar bogi, ya ce in kawo masa ita da hannuna. Da ya huce ya ce akwai injina uku na nuni a ɗakin baje kaya, zai iya ba Hajiya haya, maƙera kuma ta ƙera wa tsofaffinta sababbin giya su ƙara gudu. Ba zai kai takwas ba, sai matan sun yi aikin Asabar da Lahadi. Hajiya ta ce wannan nata ne, ta saba.

Wayata kuwa tun da motar ta juyo ba kaya take ruri. Sau tara ya kira ban ɗauka ba. Na ɗauki hoton takardar na tura masa, na rubuta a ƙasa: “Wannan ba hannuna ba ne, kuma duk wanda ya tambaye ni haka zan ce.” Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Bai turo komai ba. Na ɗauka ido ya raina fata, ashe lissafi yake.

Wajen la'asar ina tsugune a gindin wani tsohon injin Hajiya ina auna giya, sai ga kiran Mama. Muryarta ƙasa-ƙasa, cike da murna. Ta ce in bar duk abin da nake in taho gida, baƙin Asabar sun zo yau. Kawunsa ne da wasu dattawa biyu, wai tafiya ta taso wa kawun, shi ya sa suka matso da zuwan. Suna falo da Baba.

Kun gane abin da ya yi? So yake manya su ba juna hannu kafin labarin takarda ya fita daga masaƙa. Idan Baba ya amsa, na zama matar da aka ba shi, kuma duk maganar da zan yi bayan nan ta zama tonon asirin miji, dangi duka za su taru su rufe min baki. Ya san Mama, ya san ba za ta bari baƙi su koma da kunya ba.

Na tambaye ta ko Baba ya ce wani abu. Ta ce shi ne abin haushin, tun ɗazu sai zancen masaƙarsu ta da yake yi musu, ya ce ba zai ce uffan ba sai Auta ta dawo, abin da ba a taɓa yi ba.

“Ki ba su ruwa, Mama. Ina hanya.”

A cikin tasi na yi tunanin labulen ruwan zuma, da farantan, da yadda Mama za ta fita unguwa bayan yau. Zuciyata ta yi min nauyi ƙwarai, don na san ita za ta fi kowa jin ciwon abin da zan yi, kuma ƙila ta daɗe ba ta yafe min ba. Amma ko sau ɗaya ban ji ina so in ce wa direban ya juya ba.

Farar motar tana ƙofar gidanmu, shi yana ciki gilashi a rufe. Da ya hango ni ya sauke gilashin ya kira ni da sunan nan da yake kirana. Na wuce kamar da bango yake. A bakin falo takalma uku ne a jere, masu tsada, an goge su suna ɗaukar ido. Mama ta tare ni a tsakar gida da doguwar rigar a hannu, ta kalli giris ɗin da ke goshina ta ce in yi wa Allah in shiga wanka, minti biyar ya isa. Sai idonta ya kai kan takardar da na riƙe. Ta kalle ta, ta kalli fuskata, hannunta ya sauka a hankali har gefen rigar ya taɓa ƙasa.

“Auta,” ta ce, “ki rufa min asiri.”

Na ce ta yafe min. Na cire takalmina na ajiye kusa da nasu, na ɗaga labulen, na yi sallama.